Kare Jini, Biri Jini: Tarken Harshe da Halin Ɗan Takara Muhammadu Buhari

Gabatarwa

Ranar Talata, 15 ga Yuli, 2025, ina cikin dubban mutanen da suka cika titunan Daura domin jana'izar Janar Muhammadu Buhari, wanda ya rasu a Landan kwana biyu kafin nan. Ban samu matsawa kusa ba, daga nesa na tsaya. A gefena akwai wani dattijo da ke share hawaye da bakin rawaninsa, yana ta maimaita cewa yau an binne gaskiya. Da dare na duba wayata, sai na tarar da wasu tsarana daga wasu sassan ƙasar nan suna rubuta cewa su kam ba su yafe masa ba. Duka ɓangarorin biyu da zuciya ɗaya suke magana, kuma mutum ɗaya suke nufi. Wannan saɓani shi ya haifi wannan maƙala.

Na san an hore mu da ambaton alherin mamaci, na kuma san nauyin da ke kan ɗan Daura idan ya ɗauki alƙalami a kan wannan bawan Allah. Hisabinsa yana wurin Ubangijinsa, ba ni da ta cewa a ciki. Amma kalaman da ya furta a bainar jama'a, tun daga takararsa ta farko a 2003, suna nan tare da mu, kuma ɗalibin adabi yana da hurumin ya auna su yadda yake auna waƙa ko ƙagaggen labari: wa ya faɗa, ga wa ya faɗa, a wane hali, kuma me mai sauraro ya ji? Da wannan ma'auni zan duba abu uku: halin da jama'a suka sifanta shi da shi, zargin ƙabilanci da ɓangaranci da ya bi shi har kabari, da dangantakarsa da masu zazzafan ra'ayi daga cikin mabiyansa. Matsayina shi ne, an tabbatar wa Buhari gaskiya, ba a tabbatar masa ƙiyayyar wata ƙabila ba, amma harshensa ya kasa ɗaukar nauyin irin son da aka yi masa.

Yadda aka gina tauraro

Kowane yaro a Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Maciji ya tare ruwa, mutanen gari ba sa ɗiba sai ranar Juma'a, har baƙo ya zo da takobi cikin dare ya sare kansa. Zubin labarin mai sauƙi ne: akwai jama'a mai ƙishirwa, akwai mugu guda, akwai gwarzo guda. A cikin wannan zubi aka zuba Buhari. Arzikin ƙasa shi ne rijiya, ɓarayin gwamnati su ne maciji, shi kuma mai takobi.

Ba a banza aka ba shi wannan matsayi ba. Ya mulki Nijeriya a matsayin soja daga 31 ga Disamba, 1983 zuwa 27 ga Agusta, 1985, ya ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, ya ɗaure gwamnoni. Ya riƙe ma'aikatar man fetur a zamanin mulkin soja na Obasanjo, ya shugabanci asusun rarar man fetur a zamanin Abacha, kuma talaka bai ga ya fito da irin dukiyar da takwarorinsa suka fito da ita ba. Daga nan laƙabin Mai Gaskiya ya samo tushe. A ƙasar da aka saba ganin mai mulki ya shiga da riga ɗaya ya fita da unguwa guda, wannan ba ƙaramar shaida ba ce.

Sai dai laƙabi kirari ne, shi kuwa kirari ba ya ƙirga aibi. A laccarsa kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, wadda aka buga a 1974, Kirk-Greene ya lissafa siffofi goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Mu magoya baya mun ɗauki ta farko muka ɗora ta a kan sauran taran, kamar wanda ya ga ƙofar gida mai kyau ya rantse da abin da ke ɗaka. Gaskiya da adalci 'yan'uwa ne, amma kowanne da aikinsa. Mai gaskiya ba ya cin abin wani. Mai adalci kuwa shi ne wanda na nesa da shi ke kwana da tabbacin cewa rabonsa zai iso gare shi. Tambayar da abokan adawarsa suka riƙa yi a kan ta biyun ce, mu kuma muka riƙa ba su amsa da ta farko.

Zargin ƙabilanci: abin da ke faifai

Abin da ake kira wariyar launin fata a Amurka, a nan ƙabilanci da ɓangaranci da bambancin addini ne ke tsaya masa. Masu zargin Buhari da wannan suna da hujjojin da suke jerawa. Suna tuna cewa bayan juyin mulkin 1983 an tsare Shugaba Shehu Shagari a gida, mataimakinsa Alex Ekwueme kuwa aka kai shi gidan yarin Kirikiri. Suna tuna tafiyarsa Ibadan a watan Oktoba na 2000, inda ya jagoranci tawaga zuwa wurin Gwamna Lam Adesina kan kisan Fulani makiyaya a yankin Oke-Ogun, abin da suka fassara da cewa tsohon shugaban ƙasa ya koma wakilin ƙabila. Suna tuna rahotannin jaridu na 2001 da suka ce ya yi kira a Sakkwato Musulmi su zaɓi Musulmi, maganar da shi ya musanta, da kuma goyon bayan da ya nuna wa aiwatar da Shari'a a wannan shekara.

Masu kare shi su ma ba da hannu biyu suka zo ba. Gwamnonin Arewa irin su Abubakar Rimi da Sabo Bakin Zuwo sun sha ɗauri a hannunsa kamar na Kudu. A takara biyar da ya yi, duk abokan takararsa Kiristocin Kudu ne: Chuba Okadigbo a 2003 da Edwin Ume-Ezeoke a 2007, dukansu 'yan ƙabilar Ibo, sai Fasto Tunde Bakare a 2011, sai Farfesa Yemi Osinbajo a 2015 da 2019. A zamaninsa aka kammala gada ta biyu a kan kogin Kwara tsakanin Asaba da Anaca, aikin da gwamnatocin baya suka daɗe suna alkawari. Wanda ya tsani mutane ba ya yi musu irin wannan.

Idan aka tsaya nan, sai a ce an yi kunnen doki. Abin da ya karkatar da ma'aunin a wurina kalamansa ne bayan ya samu abin da yake nema. A ranar rantsar da shi, 29 ga Mayu, 2015, ya ce shi na kowa ne, kuma shi ba na kowa ba ne. Ba a cika wata biyu ba, a birnin Washintan, aka tambaye shi yadda zai tafi da yankin Neja Delta, ya amsa da cewa mazaɓun da suka ba shi kashi 97 ba za a daidaita su a wasu al'amura da waɗanda suka ba shi kashi 5 ba, ko da yake ya biyo da cewa za a yi wa kowa adalci. Jimlar farko aka riƙe, domin ita ce ta yi kama da abin da ake tsoro. A cikin hafsoshin tsaro huɗu da ya naɗa a watan Yuli na 2015, biyu 'yan Kudu ne, amma babu ko ɗaya daga Kudu maso Gabas, shugabancin hukumar tsaro ta farin kaya kuma ya ba ɗan garinmu, Lawal Daura. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya yi umurni da a raba muƙamai yadda kowane yanki zai ga kansa a ciki, kuma hikimar wannan umurni ita ce, a ƙasa irin tamu yadda abu ya bayyana a ido yana da nauyi kusan kamar yadda yake a zahiri.

Misali mafi amfani ga mai nazarin harshe shi ne hirarsa da gidan talabijin na Arise a watan Yuni na 2021. Ya fara da maganar ƙungiyar IPOB, ya kira ta ɗigo a cikin da'ira, sannan ya zarce da cewa ga su nan sun bazu a ko'ina cikin ƙasa da kasuwanci da kadarori. Waɗanda suka bazu da kasuwanci ba 'yan ƙungiya ba ne, al'ummar Ibo ce gaba ɗaya. Wakilin suna ɗaya, wato “su”, ya tashi daga kan masu laifi ya sauka a kan miliyoyin da ba su ji ba ba su gani ba. Ba lallai ya yi nufin haka ba. Amma mai shagon kayan gyaran mota a Sabon Garin Kano da ya ji shugaban ƙasa yana tuna masa inda dukiyarsa take, me za a ce ya fahimta?

Saboda haka ban ga hujjar kiransa maƙiyin wata ƙabila ba. Abin da na gani shi ne mutum mai ƙuntataccen da'irar aminci, wanda ba ya sakin jiki sai da wanda ya sani tun da daɗewa, kuma bai damu ya lallashi wanda ke zarginsa ba. A wurin mai gida wannan hali ne kawai. A wurin shugaban ƙabilu fiye da 250, sakamakonsa a idon wanda aka bari a waje ba shi da maraba da ƙabilanci.

Karin magana a bakin mai jama'a

An yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu, 2011. Goodluck Jonathan ya samu ƙuri'a sama da miliyan 22, Buhari sama da miliyan 12, kuma jihohi 12 da ya ci duk na Arewa ne. Kafin a gama sanar da sakamako wuta ta tashi. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku. An ƙona coci-coci da masallatai. An kashe masu yi wa ƙasa hidima goma a jihar Bauci. An ƙona gidan Mataimakin Shugaban Ƙasa Namadi Sambo a Zariya. A kudancin Kaduna, a Zonkwa da Kafanchan da kewaye, ɗaruruwan Musulmi ne suka halaka a ramuwar gayya. Ina ɗan shekara goma sha ɗaya a lokacin. Abin da na riƙe shi ne mahaifinmu ya kulle ƙofar gida da rana tsaka, da kuma cewa da aka koma makaranta, malamarmu ta Turanci, 'yar hidimar ƙasa daga Kudu, ba ta dawo ba. An ce mana lafiya lau ta isa gida, iyayenta ne suka hana ta komowa.

Buhari bai ce a kashe kowa ba. Ya fito ya yi tir da abin da ya faru, ya nisanta kansa da jam'iyyarsa ta CPC daga masu yinsa, kuma a duk faɗuwarsa uku kotu aka nufa. Amma taken da aka yi yaƙin zaɓe da shi shi ne a kasa, a tsare, a raka. Kwamitin bincike na Shaihu Ahmad Lemu, wanda ya miƙa rahotonsa a watan Oktoba na 2011, bai ɗora masa laifin tarzomar ba, sai dai ya lura cewa kiran da 'yan siyasa suka yi, har da shi, na a tsare ƙuri'a, masu zaɓe da yawa sun fahimce shi a matsayin izinin tayar da hankali. Kalmar “tsare” tana da fuska biyu. Akwai tsarewar mai gadi da ido, akwai tsarewar mai gora. Ba a fayyace wa matashin da ba shi da aiki wacce ake nufi ba, shi kuma ya zaɓi wadda ta dace da zafin zuciyarsa.

Shekara guda bayan wannan, a watan Mayu na 2012, yana karɓar baƙuncin 'yan jam'iyyarsa daga jihar Neja a Kaduna, ya ce idan abin da ya faru a 2011 ya sake faruwa a 2015, to za a yi kare jini, biri jini. Jaridun Legas suka juya maganar zuwa Turanci kalma da kalma, ta fito da siffar alkawarin cewa za a jiƙa ƙasa da jini. Fadar shugaban ƙasa da jam'iyyar PDP suka yi masa ca.

A nan dole mai tarke ya raba laifi biyu. Masu fassara sun yi wa Hausa rashin adalci. Kare jini, biri jini hoton farauta ne: kare ya kama biri, biri bai miƙa wuya ba, kowa ya tashi da rauni. Bahaushe yana faɗinsa a kan dambe, da shari'ar gado, da wasan ƙwallo, yana nufin an gwabza, ba wanda ya sha da daɗi. Ba ya nufin yanka. Wanda ya fassara karin magana da ƙamus ya kashe ta.

Amma masu kare Buhari da suka tsaya a kan wannan bayani su ma sun manta darasin farko na nazarin karin magana, wato ma'anarta ba ta cika sai da muhallinta. Idan mai sharhin ƙwallo ya faɗe ta, jinin na aro ne. Idan mutumin da aka zubar da jinin gaske da sunansa wata goma sha uku da suka wuce ya faɗe ta, a garin Kaduna, yana kuma ambaton shekarar da aka zubar da jinin, to kalmar ta bar aro ta koma gida. Uwar da ta rasa ɗa a Bauci ko Zonkwa ba za ta ji ta da kunnen malamin adabi ba. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, kuma wanda rufin ɗakinsa ya taɓa kamawa da wuta shi ya fi kowa sanin haka. Hikima, wadda take cikin siffofin nan goma, ita ce sanin karin maganar da ya halatta ga kowa amma ya haramta gare ka.

Su wane ne masu zafin ra'ayin?

A yaƙin zaɓen 2015 an yi ta ƙoƙarin liƙa masa Boko Haram. Ana kafa hujja da cewa a watan Nuwamba na 2012 wani da ya ce da yawun ƙungiyar yake magana ya sa sunansa cikin waɗanda suke so su shiga tsakani, da kuma hirarsa da gidan rediyon Liberty na Kaduna a 2013, inda ya soki dokar ta-ɓaci, ya kwatanta yadda aka yi wa tsagerun Neja Delta afuwa da yadda ake yi wa Arewa. Wannan zargi bai tsaya da ƙafarsa ba. Ya ƙi karɓar shiga tsakanin. A zamanin mulkinsa na soja aka murƙushe 'yan Maitatsine a Jimeta a 1984 da Gwambe a 1985. Ranar 23 ga Yuli, 2014 kuma bam ya tashi da ayarin motocinsa a Kawo, Kaduna, ya tsira da ƙyar.

Masu zafin ra'ayin da ya kamata a yi magana a kansu ba a daji suke ba, a cikinmu suke. Su ne waɗanda suka mayar da “Sai Baba” ma'aunin imani, suka ɗauki duk Bahaushen da ya zaɓi wani a matsayin munafuki, suka jefi motar ɗan adawa, suka yi wa malamin da ya saɓa musu ihu a masallaci. Na san su domin na yi tafiya a cikinsu ina ɗan shekara goma sha biyar, ranar da aka sanar da sakamakon zaɓen 28 ga Maris, 2015. Ba akida ce ta haɗa su ba. Talauci ne da fushi da rashin wanda za a yarda da shi, suka taru suka sami suna guda da za su kira.

Kowane ɗan takara mai farin jini yana gamuwa da wannan jarrabawa. A watan Fabrairu na 2016 an tambayi Donald Trump a gidan talabijin na CNN ko zai yi watsi da goyon bayan David Duke, tsohon jagoran ƙungiyar masu fifita farar fata ta Ku Klux Klan, ya yi ta kewaye-kewaye kafin daga baya ya nisanta kansa. Mutanen biyu sun sha bamban a hali: wancan mai yawan magana ne, namu mai ƙarancinta. Amma tambayar da ke gabansu iri ɗaya ce: me za ka ce wa wanda yake son ka, alhali son nasa yana tsorata maƙwabcinsa? Buhari ya sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Abuja ranar 14 ga Janairu, 2015, a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, kuma wannan abin yabo ne. Abin da na daɗe ina jira ban ji ba shi ne ya tsaya a gaban taron Kano ko Daura, da Hausar da ya iya sarrafawa, ya tsawata wa nasa da irin kaifin da yake tsawata wa ɓarayin gwamnati. Shirunsa, wanda muka riƙa kira dattaku, fili ne da kowa ya shuka abin da ya ga dama: masoyi ya shuka waliyyi, maƙiyi ya shuka dodo.

Mu ma da muka ba da kashi 97 ɗin ba mu tsira da komai ba sai suna. Daura ta samu jami'ar sufuri da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, amma a cikin garin nan aka sace Magajin Gari ranar 1 ga Mayu, 2019, ya yi wata biyu a hannun 'yan bindiga. Ranar 11 ga Disamba, 2020 kuma, shugaban ƙasa yana hutu a Daura, aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar Ƙanƙara. Son da ba ya tambaya ya cuci mai yinsa, ya kuma cuci wanda ake yi wa, domin ya hana shi jin gaskiya daga bakin da zai yarda da shi.

Kammalawa

Na fito daga wannan nazari ina ganin Buhari da girman da ya fi wanda maƙiyansa suke ba shi, amma bai kai wanda na taso ina ba shi ba. Ya riƙe amanar dukiya gwargwadon abin da jama'a suka shaida, ya nemi mulki ta akwati sau uku yana faɗuwa bai koma ga bindiga ba. A ɗaya hannun, bai auna kalamansa da kunnen wanda ba ya jin Hausa ba, bai kuma yi amfani da ƙaunar talakawa wajen koya musu cewa ɗan adawa da baƙo suna da haƙƙi ba.

Wani zai zo bayansa, za a yi masa kirari, mawaƙa za su wasa shi, za a ce shi ne mai takobi. Roƙona ga tsarana masu nazarin harshe shi ne mu yi masa tambayoyin da ba mu yi wa wannan ba, tun yana neman ƙuri'a: idan ya ce “mu”, su wa ya ƙunsa, idan ya ce “su”, a kan wa take sauka? Mu 'yan Daura muna da dalili na musamman. A labarin da muke alfahari da shi, wanda ya buɗe rijiyar baƙo ne da ya sauka a gidan tsohuwa Ayana ya roƙi ruwa, kuma da maciji ya faɗi ba a ce ga waɗanda za su ɗiba ga waɗanda za su jira ba. Allah ya jiƙan Muhammadu Buhari, ya yafe masa kurakuransa, mu kuma ya ba mu ikon faɗin su ba tare da ƙiyayya ba.